Inda Aka Binne Cibiyar Hikma

Duk wanda ya zauna a unguwar Ladywood ta Birmingham a shekarun nan ya san Mma Suweiba, ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar gajeruwar matar nan mai baƙar kwat a kan atamfa, wadda ba ta zama a bas ko da babu kowa a kujerun. Tsaye take tafiyarta, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya riƙe da jaka, kamar mai sauka a tasha ta gaba. A gidan biki ma haka take. Kafin a gama gaisawa ta miƙe ta faɗa kicin ɗin mutane tana wanke tukunyar da ba a sa ta ba.

A Zangon Kumasi aka haife ta, gidan masu goro. Iddrisu ya auro ta ya kawo ta Birmingham da alkawarin 'yan shekaru za su yi su koma. Shi yana masana'antar ƙarfe, ita tana share gidajen 'yan uni, wato ɗaliban jami'a, a Selly Oak, tana kwashe kwalaye da tarin kwanukan da 'ya'yan mutane suka bari. 'Yan shekarun suka miƙe. Masana'anta ta rufe, Iddrisu ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi nan cikin ƙasar sanyi. Amma babbar jakar da ta zo da ita tana nan ƙarƙashin gado, kullum rabinta a cike da tsarabar mutanen gida.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Faizal. Ranar da ta haife shi ta nemi a ba ta mabiyiya, don a Zango tsofaffi ke wanke ta su binne a bayan ɗaki, haka ma cibiya in ta faɗi. Ba ta da Turanci a lokacin. Ta yi ta nuni da hannu, nas ta yi mata murmushi ta fita da tasa. Da cibiyar ta faɗi sai ta naɗe ta a tsumma ta sa a gwangwanin man shafawa, tana jiran mai tafiya Kumasi. Kafin a samu mai tafiya council, hukumar da ta ba su gidan, ta tashe su saboda danshi, aka sake tashinsu da za a rushe benen. A cikin kwashe-kwashen nan gwangwani ya ɓata.

To, Faizal ya tashi yaro mai ladabi, sai dai ba ya zama. Ya fara koyon gyaran mota ya bari. Ya yi gadi, ya yi tuƙi, ya yi sayar da waya. Yau yana Birmingham, gobe a ce ya koma Manchester. Hausarsa ma haka take, ya fara magana ya tsere cikin Turanci ya bar ta a hanya. Malamin masallacinsu ya sha faɗa cewa binne cibiya al'ada ce kawai, Allah ne ke zaunar da bawa inda ya so. Suweiba ta yarda, tana istigfari. Amma duk sanda Faizal ya bugo waya ya ce, "Mma, na canza job," gwangwanin nan ne ke faɗo mata a rai.

A Manchester ya haɗu da Delfina, lokacin yana gadin gidan ɗalibai a Ardwick, ita kuma ta zo karatun koyarwa daga Mexico. Kirista ce. Suweiba ta yi kukanta a ɓoye, ta tambayi malam ya ce ya halatta, ta share hawaye ta je aka ɗaura. Yarinya ce mai kunya, mai tsugunawa in za ta miƙa ruwa, abin da ko 'ya'yan Hausawan nan sun daina.

Wata rana suna yanka kayan miya, Suweiba ta tambaye ta da guntun Turancinta yadda ake gaisuwa da Sifaniyanci.

Delfina ta ce, "Mma, Sifaniyanci a makaranta na koya. Yarenmu daban ne, Nahuatl. Shi ake yi a ƙasarmu tun kafin Turawan Sifen su zo. Har yanzu mun fi mutum miliyan, amma a duwatsu da ƙauyuka muke. A birni in ka yi shi kallon ɗan ƙauye ake maka." Ta ɗaga tumatir ɗin da ke hannunta. "Wannan ma sunanmu ne. Mu tomatl muke cewa, daga wurinmu ya zaga duniya."

Suweiba ta juya tumatir ɗin tana dubawa. "Ikon Allah. Ashe kai ma baƙo ne."

A shekara ta dubu biyu da biyar Delfina ta samu ciki. Da haihuwa ta matso aka yi wa uwarta takardun zuwa. Sunanta Nikolasa, 'yar tsohuwa mai kitso biyu har baya, da farar riga mai ado a wuya. Daga wani ƙauye ta fito a yankin Huasteca, inda ake noman masara da lemo. Ba ta jin Turanci, Sifaniyancin ma kaɗan-kaɗan. In ta yi magana, kalmomin suna ƙarewa da wani ɗan sauti kamar iska na fita ta gefen harshe. Suweiba ta gwada sau ɗaya, yawu ya fantsamo, ta bari.

Aka haifi mace, Faizal ya yi mata kiran salla a kunne, aka raɗa mata Hikma. Suweiba ta hau coach, motar dogon zango, ta tare a Ardwick, cikin ɗan flat ɗin su Faizal da ko mutum uku ya yi musu kaɗan. Magana tsakanin tsofaffin biyu sai ta bi doguwar hanya: Nikolasa ta faɗa wa Delfina, Delfina ta juya wa Faizal da Turanci, Faizal ya kawo wa uwarsa rabi da Hausa, rabi ya zube a hanya.

Amma a aikin jego ba su nemi tafinta ba. Suweiba ta ɗora ruwan zafi, ta juyo ta tarar Nikolasa ta riga ta cika banɗaki da tururi da ƙamshin ganye. Suweiba ta dama kunun kanwa, Nikolasa ta dama nata kunun masara da take kira atoli. Kowacce ta tsaya a kan mai jego da kofi.

Faizal ya ce, "Haba Mma, please. Kunu biyu a safiya ɗaya? Za ku fasa min mata."

"Kai rufe min baki. Ka taɓa haihuwa?"

Jaririyar ma ba ta huta ba. In Suweiba ta karɓe ta sai ta kai bakinta kunnenta: "Ƙawata, ina kwana? Ce ina kwana. Kada ki biye wa ubanki da Hausarsa ta gwangwani." In Nikolasa ta karɓa, ita ma ta duƙa ta yi ta zuba mata nata yaren a ɗaya kunnen, ƙasa-ƙasa, ba tsayawa. Delfina ta gaya wa Suweiba dalili. Jikokin Nikolasa na birni duk babu mai amsa mata da Nahuatl. Suna ji, amma da Sifaniyanci suke mayar mata. Suweiba ta dubi Faizal yana danna waya.

Abin da take jira shi ne cibiya. Kullum in za a yi wanka sai ta duba ɗan roban da asibiti suka matse ta da shi, ta ga ta ƙara bushewa. Ta ƙudurta a ranta wannan karon ba za ta yi sake ba. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai wasu mutane a bayan duniya da suka damu da wannan abin. A tunaninta duk wanda ba ɗan gida ba irin nas ɗin nan ne, shara zai jefa.

Wata safiya tana sa wa yarinyar riga, Nikolasa na kicin, sai ga abin a cikin tawul, baƙi ƙirin kamar busasshen dabino. Ta ɗauke, ta ƙulle a bakin zanenta. Da rana ta ce tana da ganin likita, ta hau coach ta koma Birmingham.

Ba ta ko cire kwat ba wayar Faizal ta shigo.

"Mma, kin ga cord ɗin baby? Cibiyar? Maman Delfina ta tayar da hankalin kowa. Ta zazzage bin ɗin sharar kicin, ta sauka ƙasa tana tona na waje da hannunta. Neighbours suna kallo."

Suweiba ta ce, "Me za ta yi da ita?"

"Wai a ƙauyensu, ta mace a gindin murhu ake binnewa. Ta namiji a kai gona. Ta ce in tana gindin murhunta, yarinyar duk inda ta je za ta komo gida, kuma za ta yi yarensu. Tun daga Mexico ta zo da ƙyallen da za ta naɗe ta. Honestly Mma, ban san me zan ce mata ba."

Suweiba ta ɗora hannu a kan ƙullin zanenta. Ba ta iya ƙarya ba, kuma ba ta iya gaskiya ba a wannan lokacin. Ta ce, "Allah ya bayyana," ta ajiye waya.

Ta tsaya tsakiyar ɗaki. Ashe shi ya sa tsohuwar nan ke leƙowa duk wanka. Mexico! Da ma Faizal ya fara wasu 'yan maganganu, wai can rayuwa ta fi sauƙi, wai Delfina na son koyar da yaran ƙauyensu. In cibiya ta tafi, yarinya ta tafi, ubanta ya bi. Ita kuma a bar ta a bene na goma sha ɗaya da jakar ƙarƙashin gado. Ta ce a'a. Kafin arba'in, kafin Nikolasa ta hau jirgi, sai ta binne abin nan a wurin da zai riƙe jikarta kusa.

Washegari ta sauka da cokalin miya a jaka. A bayan benensu akwai ɗan fili mai ciyawa. Ta tsuguna ke nan wani Bature ya saki karensa, kare ya zo yana shinshina daidai inda ta nufa. Ta miƙe. Ta gangara bakin kanal, ruwan da ya ratsa unguwar, ta ga gwangwanayen giya da motar gini tana ƙwaƙule ƙasa za a yi sababbin gidaje. Ko'ina a Ladywood in ba a rushe ba ana shirin rushewa.

Ta hau bas zuwa Selly Oak, gidan Hajiya Rahmatu, 'yar Kano, matar wani likita, wadda suka saba tun a masallaci. Gidan yana da lambu a baya har da bishiyar tuffa. Rahmatu ta ji labari ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya Suweiba! Da girmanki ki saci cibiya ki tsallako da ita gari guda? In police suka tare ki suka ce mene ne wannan, me za ki ce? Kilishi?"

"Hajiya, ni ba wasa ya kawo ni ba."

"To zauna mana, kin tsaya min a ka. Ga lambu nan, tona inda kike so. Amma fa in gaya miki gaskiya, mun sa gidan nan a market. Doctor ya samu aiki a Abuja. Wanda zai saya landlord ne, 'yan uni zai zuba, lambun ma siminti zai yi masa a ajiye mota."

Suweiba ta leƙa ta taga ta dubi bishiyar. Ta san gidajen 'yan uni, ita ke share su. Ta mayar da cokalinta jaka.

Sai ta tuna gida. Ta sayi katin waya ta kira ƙanenta Jumare a Kumasi, ta ce za ta aiko da saƙo a binne a bayan ɗakin Inna, gindin mangwaro, inda tata take.

Jumare ya ce, "Yaya, wane mangwaro? Ai tun bayan rasuwar Inna aka buge ɓangaren nan. Shaguna ne yanzu. Daidai wurin ɗakinta wani mai gyaran waya ne. Na ɗauka an gaya miki."

Ba a gaya mata ba. Ko an gaya mata ba ta ji ba, Allah masani.

Haka ta yi ta yawo da ƙulli a zane, makonni. Ta je aiki da shi, ta yi salla da shi. Ba ta koma Ardwick ba, kullum da sabon uzuri. Faizal ya ce tsohuwar ta daina tona shara, amma ta daina cin abincin kirki, ta kuma daina yi wa jaririyar magana a kunne. Ta ɗauke ta dai, ta yi jijjiga, bakinta a rufe.

Ranar wata Juma'a ta je ziyarar kabarin Iddrisu. Ta yi masa addu'a, ta cire 'yan ciyayin da suka fito. Ƙasar tana da laushi, ruwa ya jiƙa ta. Tana tsugune sai ta ga hannunta ya tafi kan ƙullin da kansa. Nan ne kaɗai, a duk faɗin Ingila da Gana, wurin da ke da sunansu wanda ba mai tashinsu. Ta zabura ta ja da baya tana a'uzubillahi. Cibiyar rayayya a maƙabarta? Ta fita da sauri ko waiwaye babu. A bas ɗin komawa, ranar kam ta zauna.

Ana saura kaɗan Nikolasa ta tafi, Suweiba ta isa Ardwick da hantsi. Ta tarar da su a kicin, akwatin tsohuwar a buɗe a falo. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

Ta ce wa Delfina, "Tambayar min mamanki. Murhun nan nata, na wane ne?"

Delfina ta tambaya, ta juyo. "Nata ne, Mma."

"Haya take? Akwai council da za ta zo ta ce ta tashi?"

"Babu. A kansa uwar mijinta ta yi girki, da wadda ta gabace ta. Duwatsu uku ne a ƙasa, ba a taɓa ɗaga su ba. Tawa cibiyar ma tana wurin."

"Duwatsu uku," in ji Suweiba. "Irin namu."

Ta sunkuya ta kwance bakin zanenta. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sa haƙori. Ta ajiye abin a kan tebur.

Faizal ya ce, "Mma! Seriously?"

Nikolasa ta dubi tebur, ta dubi Suweiba. Sai ta buɗe baki. Ta yi magana mai tsawo, tana nuna taga, tana nuna hannayenta, tana buga tebur da yatsa, sautin nan na gefen harshe yana fita kamar ana yayyafa ruwa a mai. Da ta tsaya, Delfina ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta ce ta gode."

"Ke 'yar nan, kada ki raina min hankali. Duk wannan na gode ce? Faɗo min zagin, na ci."

Delfina ta rufe baki da hannu. "Ta ce kin sa ta tona sharar mutane a ƙasar da ba tata ba. Ta ce ko dila bai kai ki ba. Ta ce da a ƙauyensu ne da kin sha muciya."

"Ta yi gaskiya. Gaya mata na zaga ko'ina, ba ni da inda zan sa. Ta kai murhunta." Ta ƙara da cewa, "Amma da sharaɗi. In za ta binne ta ce Bismillah. Yarinya ta yi yarenku, ban hana ba. Amma ta yi salla."

Aka juya wa Nikolasa. Ta tambayi ma'anar kalmar, aka ce mata da sunan Allah. Ta gyaɗa kai, ta gwada faɗa, ta karya ta gida uku. Suweiba ta maimaita mata har ta kama. Sannan tsohuwar ta ciro wani farin ƙyalle daga cikin rigarta, mai ɗinkin jan zare a gefe, ta naɗe cibiyar ta mayar ƙirjinta. Ta ce, "Tlaskamati." Wannan kam Delfina ta rantse na gode ce. Nikolasa ta wuce ɗaki ta ɗauko Hikma, tun kafin ta fito suka jiyo ta ta koma zuba mata magana a kunne.

Abin da Suweiba ta ji tsoro bai fasa zuwa ba. Hikma na shekara uku Delfina ta samu aikin koyar da yara da Nahuatl a wata makaranta kusa da ƙauyensu, suka tattara suka tafi. Suweiba ta raka su filin jirgi, ba ta yi kuka a gabansu ba. Faizal yana tuƙa motar ɗaukar lemo daga gonaki zuwa kasuwa. Har yau da ake wannan magana bai bugo ya ce ya canza job ba. In an tambayi Suweiba a kan wannan sai ta ce Allah ne mai zaunarwa.

Ran Lahadi suke bugowa. A ba Hikma waya ta ce, "Kaka, ina kwana," ko da yamma ce a Birmingham, daga nan sai ta ɓalle da yaren kakarta ta can, tana ba da labari mai tsawo wanda Suweiba ba ta jin ko kalma ɗaya. Takan saurara har ƙarshe, tana cewa, "To. To, ƙawata. Allah ya yi miki albarka." Wani lokaci ta jiyo zakara a bayan muryar, da wata tsohuwa tana faɗa.

Har yanzu tsaye take tafiya a bas. Kwanan baya ta jawo jakar ƙarƙashin gado, ta fitar da atamfofin da ta tara wa mutanen Kumasi, ta ga yawancin masu su sun riga mu gidan gaskiya. Ta ware guda biyu masu duhu, irin na tsofaffi, ta mayar ciki, ta ƙara ƙullin kanwa da ƙaramin hijabi. Ranar Juma'a bayan an idar ta tare malam a ƙofar masallaci, ta tambaye shi, in mutum yana Mexico, ina zai fuskanta ya yi salla.